Yadda Mai Riɗi Zai Karanta Ma'aunin Cinikin Sudan Kafin Ya Buɗe Sito

Ma'aunin ciniki lissafi ne na layi biyu. A tara kuɗin kayan da ƙasa ta sayar wa ƙasashen waje, a tara na kayan da ta sayo daga can, a ɗebe ɗaya daga ɗaya. In na sayarwa ya rinjaya an samu rara, in na saye ya rinjaya an samu giɓi. Sudan cikin giɓi take. A 2022, shekarar da ta gabaci yaƙi, ta fitar da kaya na wajen dala biliyan 4.4, ta shigo da na wajen biliyan 11.1, giɓin ya kai kusan biliyan 6.7. Wannan ce lambar da ake karantawa a rediyo, a girgiza kai, a ci gaba da shan shayi. Kuma cikin duk lambobin da ke takardar, ita ce mafi ƙarancin amfani ga mutumin da ya jibge buhunan riɗi a sito, yana tunanin ko ya kai kasuwa makon nan ko ya dakata.

Aikina riƙe wa 'yan kasuwar amfanin gona lissafi ne a nan Gadarif da ke gabashin Sudan, yawancinsu 'yan'uwanmu Hausawa da kakanninsu suka biyo hanyar Makka suka yada zango. Zan faɗi yadda nake bin takardar nan, daga inda nake farawa zuwa inda nake rufe littafi in ce wa mai kaya, "Alhaji, ga abin da na gani."

Takardar ta Babban Bankin Sudan ce, ƙasidar alƙaluman cinikin waje da yake fitarwa bayan wata uku-uku, da Larabci da Turanci, ana samunta a shafinsa na intanet. Tun da yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilun 2023 takan makara, amma tana fitowa. Kafin ka karanta ko da lamba ɗaya, dubi saman jadawalin ka tabbatar da abu biyu. Na farko, kuɗin a dubban daloli ake rubuta su, saboda haka in ka ga 150,000 to dala miliyan 150 ake nufi. Na biyu, watannin da aka lissafa: wani jadawalin na wata uku ne kawai, wani kuwa ya tattaro tun daga Janairu. Wanda ya ɗora na wata tara a kan na wata uku zai fito yana shelar ciniki ya ninka, alhali babu abin da ya motsa.

Kada kuma ka gwada zangon wata ukun nan da wanda ya gabace shi kai tsaye. Kayanmu na kaka ne. Ana yankan riɗi a Oktoba da Nuwamba, ya cika kasuwa, sannan ya bi hanyar Kasala da Hayya zuwa tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan a watannin da ke biye. Dole farkon shekara ya yi nauyi, tsakiyar damina ta yi shafal. Ka gwada Janairu zuwa Maris na bana da Janairu zuwa Maris na bara. Raguna sun fi wannan wuyar sha'ani, don kasuwarsu aikin Hajji take bi, shi kuwa kowace shekara yana matsowa da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka. Wata shekarar jiragen da ke ɗibarsu daga Sawakin zuwa Jidda su faɗa zango na biyu, wata shekarar su rabu tsakanin zango biyu. In ka ga layin dabbobi ya faɗi, ɗauko kalandar Hijira kafin ka ce Saudiyya ta rage saye.

Yanzu ga ainihin aikin, kuma a nan nake so ka zauna da biro.

A jadawalin kayan da ake fitarwa, kowane kaya yana da lamba biyu a gabansa: yawansa da kuɗinsa. Mutane kuɗin kawai suke kallo. Kai raba kuɗin da yawan. Bari in ƙirƙiro misali don lissafin ya fito fili: a ce layin riɗi ya nuna tan 100,000 a kan dala miliyan 150. Ka raba, kowane tan ya tashi dala 1,500 a bakin tasha. Mu a kasuwa da kintari muke ciniki, kintari kuwa kilo 45 ne ko ƙasa da haka kaɗan, wato tan ɗaya kintari 22 da ɗan ɗoriya. Raba 1,500 gida 22, ka samu dala 68 a kowane kintari. Wannan shi ne rufin ɗakin. Mai fitar da kaya ba zai biya ka sama da haka ba, ba ma zai kai nan ba, don a cikin wannan 68 ɗin zai cire tankaɗe da sharar da ke rage nauyi, da sabon buhu, da 'yan dako sau biyu ko uku, da kuɗin mota zuwa Bur Sudan, da zakka da harajin jiha da abin da ake karɓa a hanya, da kuɗin tasha, sannan ribarsa. Tambayi direban babbar mota nawa ake ɗaukar tan a makon nan, tambayi mai injin tankaɗe nawa yake caji, ka cire. Abin da ya saura ka juya shi zuwa fam, kuɗin Sudan, sau biyu, sau ɗaya da farashin banki, sau ɗaya da na bayan fage. Farashin da ya kamata a taya maka yana tsakanin waɗannan biyun. In dillali ya zo da tayin da ya yi ƙasa da na bankin ma, ka san akwai wanda ke cin rabonka a tsakani.

Rabon nan yana tona wani abu kuma. Kuɗin riɗi na iya ƙaruwa a takarda alhali tan ya ragu, wato farashin duniya ne ya hau, mu kuwa nomanmu baya ya yi. Yana iya kasancewa akasin haka: tan ya ƙaru, kuɗi na nan inda yake, wato mun yi wahala mun sayar da araha. Waɗannan labarai biyu ne daban, kuma shawarar mai sito a kansu daban ce. A na farko kaya sun yi ƙaranci, jira na iya biya. A na biyu kasuwa ta ƙoshi, mai jira yana ciyar da ƙwari ne kawai.

Wani lokaci sai farashin tan da ka fitar ya yi ƙasa ƙwarai da abin da ka ji ana saye a Sin ko Turkiyya. Kada ka yi saurin cewa ka yi kuskuren lissafi. Ko dai jan riɗin Kurdufan na matsar mai ya yi yawa cikin abin da aka fitar, shi kuwa bai kai farin Gadarif daraja ba, ko kuma an rage kuɗin a takardar ciniki da gangan. Doka ta ce mai fitar da kaya ya dawo da dalarsa ta banki. Wanda ba ya so ya dawo da ita duka sai ya rubuta ƙasa da abin da ya sayar, ragowar ta kwana a waje. Ga kuma warraƙa, masu ba da hayar lasisinsu a fitar da kaya da sunan kamfanin da gobe ba za a same shi ba. Kayan sun fita, ƙasa ba ta ga dalar ba. A ganina wannan ya fi kowace fara ɓarna, amma wannan zance ne na wata rana.

Ka gwada hannunka da zinare, don shi farashinsa a bayyane yake ko'ina. A 2022 an fitar da tan 34.5 a kan dala biliyan 2 da 'yan kai. Ka raba, giram ya tashi wajen dala 58, daidai da yadda ake sayar da shi a duniya a shekarar. To a nan farashin bai da matsala. Matsalar zinare a yawan take. Kamfanin albarkatun ma'adinai na gwamnati ya ce an haƙo tan 64 a 2024, amma abin da ya bi ta hanyar hukuma ya fita, na dala biliyan 1.5 da ɗoriya, ko rabin wannan bai kai ba. Sauran bai narke ba. Ya bi sahara, ya bi iyakoki, ya isa inda za shi ba tare da ya gaisa da jami'in kwastam ba.

Zinaren nan ya zama babba ne bayan man fetur ya tafi. Sudan ta fara fitar da ɗanyen mai a 1999, kuma cikin shekarun da suka biyo mai ya kai sama da kashi 90 cikin ɗari na abin da take sayarwa waje. Ranar 9 ga Yulin 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle da kusan kashi uku cikin huɗu na man. Tun daga nan giɓin ya buɗe baki, kuma zinare da riɗi da dabbobi da gyaɗa da auduga da ƙaro gaba ɗayansu ba su rufe shi ba. Na kawo wannan ne don in ka ci karo da tsohuwar takarda mai nuna rara, ka dubi shekararta.

Tunda takardarmu ba ta ganin abin da ya bi ta bayan gida, sai a leƙa littafin mai saye. Kowace ƙasa tana rubuta abin da ya shigo mata da inda ya fito. Rumbun Comtrade na Majalisar Ɗinkin Duniya da shafin Trade Map suna tara waɗannan alƙaluma, kuma ba sai ka iya Turanci sosai ba, don kowane kaya yana da lambarsa ta kwastam da duk duniya ta yarda da ita. Riɗi 120740 ne. Ƙaro 130120. Tumaki masu rai 010410. Zinare yana ƙarƙashin 7108, alkama 1001. Zaɓi ƙasar da ke saye, saka lambar, ka nemi Sudan a jerin masu sayar mata. Sai ka ajiye abin da Sin ta ce ta karɓa na riɗi kusa da abin da muka ce mun aika mata. Ɗan bambanci dole ne, don mai fitarwa yakan rubuta kuɗin kaya a bakin tasharsa, mai shigowa kuwa yakan haɗa da kuɗin jirgi da inshora, ga kuma kayan da suka tashi a Disamba suka sauka a Janairu. Amma in bambancin ya yi gaba da haka nesa, ka gano inda dala ke zurarewa.

Da ƙaro dabarar juyawa ake yi. Sudan ce ke samar da mafi yawan ƙaron duniya, har Amurka da ta ƙaƙaba takunkumi a 1997 ta bar masa ƙofa, don masu lemon kwalba da alewa da magunguna ba su da madadinsa. Dazukan hashab, bishiyar da ke ba da ƙaro, suna Kurdufan da Darfur, babbar kasuwarsa Al-Ubayyid, wuraren da yaƙi ya fi ci. Saboda haka kada ka tsaya kan layin Sudan kaɗai. Dubi abin da Faransa ke saye daga Chadi da sauran maƙwabta. In maƙwabcin da ba a san shi da yawan ƙaro ba ya wayi gari yana fitar da shi jibgi-jibgi, bishiya ba ta girma cikin dare ɗaya.

Sai jadawalin kayan da ake shigowa da su, wanda masu riɗi ke tsallakewa suna cewa ba ruwansu. Da ruwanka, ɗan'uwa. Ka raba shi gida biyu a ranka: abin da ake ci ko a ƙona ya ƙare, da abin da ke haifar da wani abu. Man fetur da dizal, alkama da garinta, sukari, magunguna, shayi, suna ɓangare ɗaya. Injuna, taraktoci, kayan gyara, taki da maganin feshi suna ɗaya ɓangaren. Ƙasar da giɓinta ya zo daga sayen injuna tana da abin da za ta nuna bayan shekara biyar. Tamu galibi burodi da mai ne. Mafi yawan alkamar da ake ci a birane daga waje take zuwa, Rasha na cikin manyan masu kawowa, kuma duk wanda ya ga Disambar 2018 ya san nauyin wannan layin: burodi ya tashi daga fam ɗaya zuwa uku a Atbara, zanga-zanga ta kama, bayan wata huɗu mulkin Umar al-Bashir ya faɗi. Matatar mai ta Jaili da ke arewa da Khartum ta tsaya a yaƙin nan, don haka kusan duk litar dizal da tarakta za ta sha a gonakin Gadarif, da wadda motar da za ta kai kayanka tasha za ta sha, da dala aka sayo ta. In ka ga layin taki da kayan gyara ya bushe a farkon shekara, ka sa ran noman damina zai ragu, kuma wannan labari ne da ya shafi farashin abin da ke sitonka kai tsaye.

A 2024 kayan da aka shigo da su sun faɗo ƙasa da dala biliyan 5, na fitarwa suka tsaya a biliyan 3 da ɗoriya, giɓin ya koma ƙasa da biliyan 2. Na ji masu cewa ai an samu sauƙi ke nan. Gidan da ya daina cefane don babu, ba a ce matar gidan ta iya tattali. Masana'antun Bahri, wato Khartum ta Arewa, sun tsaya, ba mai sayo musu kayan aiki. Madani, babban birnin jihar Jazira, ta faɗi a Disambar 2023, noman Jazira ya tagayyara har aka karɓo ta a Janairun 2025. Miliyoyin mutane sun bar gidajensu, ba su da abin sayen komai. Duk lokacin da ka ga giɓi ya ragu, tambayi kanka wane layi ne ya motsa: na sayarwa ne ya hau, ko na saye ne ya rushe?

Akwai tambayar da takardar ciniki ba ta amsawa, kuma ita ce ke taɓa aljihu: wa ke biyan giɓin? Ba a ba mu alkama kyauta. Dalar da ta rage ana samo ta daga kuɗin da 'ya'yanmu ke aikowa daga Jidda da Riyad da sauran ƙasashen Larabawa, da kuɗin da Kudu ke biya don man fetur ɗinta ya bi bututunmu zuwa teku, da tallafi, da bashi, da dalar zinaren nan da ba ta shiga littafi ba. Waɗannan ba sa cikin ma'aunin ciniki, suna cikin wani lissafin mai faɗi na duk kuɗin da ke shiga da fita. In ɗaya ya toshe, kamar yadda bututun man Kudu ya lalace a farkon 2024 ya yi kusan shekara ba ya aiki, mai shigo da dizal ba ya fasa saye. Kasuwar bayan fage yake shiga ya nemi dala ko nawa take. A Fabrairun 2021 gwamnati ta sauke farashin hukuma daga fam 55 zuwa wajen 375 a dala ɗaya. Gab da yaƙi dala tana wajen 600. A 2024 ta haura 2,000 a bayan fage.

Saboda haka duk farashin da aka faɗa maka da fam, mayar da shi dala kafin ka yi murna. In kintari ya ƙaru da kashi 30 cikin ɗari daga kaka zuwa bazara, dala kuwa ta ƙaru da kashi 40, asara ka yi, ko da kuɗin da ya shigo maka ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, ya fi na bara yawan sifili. Amma ta ɗaya gefen, wanda ya sayar a kaka ya rungume fam ɗinsa ya fi ka asara. Shi ya sa nake gaya wa masu kayan da nake wa aiki: in za ku sayar, ku san abin da za ku saya da kuɗin a makon, ko dizal na shekara mai zuwa, ko iri, ko dawa.

Jadawalin ƙasashe shi ne na ƙarshe da nake dubawa, kuma ba na daɗewa a kansa. Abin da nake nema ɗaya ne: kayan da mai sayensu ɗaya ne tak. Zinaren hukuma kusan duka Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya tafi a 2024, ga shi a Mayun 2025 Sudan ta yanke hulɗar jakadanci da ita, watanni kaɗan bayan haka jigila tsakaninsu ta samu cikas. Raguna kusan duka Saudiyya ne, kuma a Oktoban 2019 da aka samu ɓullar zazzaɓin dabbobi ta rufe ƙofa, masu kiwo suka rasa inda za su kai. Raƙuma Masar. Riɗi ya fi su sa'a, don yana da Sin da Masar da Saudiyya da Turkiyya da wasu. Sai dai ƙofa takan rufu daga cikin gida ma. A 2020 gwamnati ta hana fitar da ɗanyar gyaɗa, waɗanda suka tara ta don waje suka wayi gari da kaya a hannu. A Satumba da Oktoban 2021 masu zanga-zanga a gabas suka toshe Bur Sudan da hanyar da ke zuwa can har makonni. A Maris na 2025 aka hana shigo da kayan Kenya, masu shayi suka ji a jikinsu. Babu jadawalin da zai sanar da kai irin wannan kafin ya faru, amma jadawalin zai nuna maka wane kaya ne sanarwa ɗaya za ta iya durƙusarwa, sai ka rage yawan abin da kake ajiyewa a cikinsa.

Mai riɗi yana da ƙarin aiki guda: ya san ba shi kaɗai ke sayarwa ba. Indiya na girbi kusan lokaci ɗaya da mu. Habasha ga ta nan a Humera, ƙetaren iyaka. Nijeriya da Nijar da Tanzaniya duk suna kai wa Sin, Brazil ma ta shigo da ƙarfinta a 'yan shekarun nan. A shafin Trade Map, ƙarƙashin 120740, zaɓi Sin ka dubi rabon kowace ƙasa shekara uku a jere, ka ga ko namu na ƙaruwa ko wani na cinye shi. Mu Hausawa muna da wata hanyar da ta fi wannan sauri: wanda ke da ɗan'uwa ko abokin ciniki a Maigatari ko Dawanau ya buga masa waya a watan Nuwamba ya ji yadda kaka ta yi da nawa ake sayen buhu. Labarin da za ka samu a ranar, alƙaluman hukuma sai bayan watanni za su kawo shi.

Duk wannan a shafi ɗaya na littafi nake zuba shi, layi ɗaya kowane mako: kwanan wata, farashin kintari a gwanjon kasuwa, dala a banki, dala a bayan fage, kintari da dala, kuɗin mota zuwa tasha. A gefe nake rubuta farashin tan da na fitar daga takardar babban banki ta ƙarshe, in mayar da shi kintari. In farashin kasuwa da dala ya matso kusa da wancan rufin bayan an cire dako da haraji, babu sauran abin jira, sai a kira masu awo. In da sauran tazara mai kauri, kuma Indiya ba ta yi kaka mai kyau ba, kuma hanya a buɗe take, a sayar da abin da zai biya bashin noma da kuɗin leburori, a riƙe saura. Mai riƙewa kuma ya lissafa hayar sito da maganin ƙwari da nauyin da riɗi ke rasawa in ya bushe, ya cire su daga ribar da yake hange, ya kuma sa wa kansa wata da zai sayar ko farashi ya kai ko bai kai ba, kafin sabon riɗi ya shigo a Oktoba.